Ɗana mai matsalar ji zai shiga jami'a a Amurka: wa zai nema masa taimako?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Amurka muke zaune. Ɗana yana da matsalar ji, kuma tun yana firamare makaranta ce ke tsara masa komai ta takardar IEP, wato tsarin karatu na musamman da ake rubuta wa yaro mai nakasa. Bana zai gama sakandare. Jami'a za ta ɗora daga inda aka tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba za ta ɗora ba, gara ki sani tun da wuri. Takardar IEP a ƙarƙashin dokar IDEA take, wadda ta ɗora wa makaranta nauyin gano yaro mai nakasa, ta gwada shi kyauta, ta zauna da iyayensa duk shekara. Ranar da ya karɓi shaidar kammala sakandare, shi da wannan doka sun yi sallama.

A jami'a dokoki biyu ne ke kare shi: Sashe na 504 na dokar Rehabilitation Act ta 1973, da ADA, dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990. Sun hana a nuna masa wariya, amma ba su ce a bi shi ana tambayar me yake buƙata ba. Shi zai taka da ƙafarsa zuwa ofishin ɗalibai masu nakasa, ya bayyana larurarsa, ya kai shaidar likita. In jami'a ta nemi sabon gwajin ji, ba ita za ta biya ba, sai dai ku tuntuɓi hukumar taimaka wa masu nakasa su samu aiki ta jiharku, wani lokaci takan ɗauki nauyi.

Idan an amince, zai iya samun mai fassara da yaren kurame, ko mai rubuta abin da malami ke faɗa nan take yana karantawa a kwamfuta, ko ƙarin lokaci a jarrabawa, ba tare da ya biya ko sisi ba. Na'urar jinsa kuwa taku ce, kuma ba za a rage masa darasi ko a sassauta maki ba. Wanda ya yi shiru sai da ya faɗi jarrabawa, da wuya a sake duba abin da ya wuce.

Abin da ya fi ci wa iyaye rai shi ne dokar FERPA, mai kare sirrin bayanan karatun ɗalibi. Da zarar ya cika shekara 18 ko ya shiga jami'a, bayanan karatunsa nasa ne. Ki buga waya, yawanci za a ce sai da izininsa a rubuce.

Shawarata, watannin da suka rage ki ja baya kaɗan, ko da ba daɗi. A zaman IEP na ƙarshe ki bar shi ya yi bayani da kansa: a wane irin aji ba ya jin malami, me ke taimaka masa. Kafin ya bar sakandare ku karɓi takardar taƙaita ƙwazonsa da doka ta wajabta a ba shi, ku haɗa da gwajin ji na baya-bayan nan, ya aika wa ofishin ɗalibai masu nakasa da zarar ya samu gurbi, domin samo mai fassara kan ɗauki makonni.