Amsa ga 'yar uwar da amon tagulla ya tayar wa da firgici

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu. Kin ce kin je zaman jinya da sauti, aka kwantar da ku aka kashe fitila, ana buga babban farantin tagullar nan sai zuciyarki ta hau dukan uku-uku, jiki na kyarma kamar daren da aka shigo garinku. Mai jagorantar zaman kuma ta ce ki daure, wai ciwon ne ke fita. Kina tambaya ko ki koma. Ciwonki irin nawa ne, kuma rabin 'yan gidan nan sun san shi.

Kada ki koma wurinta. Wallahi maganar nan tata ce ta fi ƙona min rai. Babu abin da ke fita. A ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe, amigdala, aikinsa gadi. Ga wanda ya taɓa kwana cikin ƙarar bindiga, mai gadin nan ba ya jiran bayani. Ƙarar ba-zata na zuwa zai sa a saki sinadarin adiranalin a jini, zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarce, tun kafin hankali ya gane tagulla ce. Matar kuma ta kwantar da ke rigingine cikin duhu, ido rufe, ta buga daga inda ba ki gani, ba ko gargaɗi. Me ya rage? Abin haushin ma, a irin ɗakin nan akwai waɗanda ba sa kyarma, sandarewa suke yi, ido a kafe, ba sa jin jikinsu. Sai ta leƙa ta ce sun samu natsuwa. Ko tambayarki ba ta yi ba kafin a fara, balle ta ce ga ƙofa a buɗe idan kin gaji. Kuɗi kawai ta karɓa.

In kina son gwada sauti, fara a gida, da rana. Zauna, baya a bango, ƙofa a gabanki, tafin ƙafa a ƙasa, ido buɗe. Ki bar iyafis tukuna, toshe kunne na hana ki jin abin da ke kewaye da ke, jiki kuma sai ya ƙara tsarguwa. Sa waya a hannunki, yatsa kan madannin tsayarwa, ƙarar daidai yadda za ki ji mai magana kusa da ke ba tare da ya ɗaga murya ba. Minti 2 ko 3 sun isa. Kafin ki kunna ki auna tashin hankalinki daga 0 zuwa 10. Ya ƙaru da 2, ki kashe, ba jarrabawa ba ce. Kuma don Allah wani ya fara saurara miki sautin har ƙarshe, wasu da ƙararrawa suke rufewa. Ki sauke shi a waya ki kashe data, saboda a YouTube talla na faɗowa tsakiya da ihu.

Ni a ganina muryarki ta fi kowane farantin tagulla, don ba za ta taɓa shammatarki ba. Shaƙa ta hanci kina ƙirga 4, ki fitar baki rufe kina "mmm" har 6 ko 8. Tsawaita fitar numfashi na sa jijiyar bagus, wadda ta haɗa ƙwaƙwalwa da zuciya, ta rage gudun zuciya. Jiri ya zo, koma numfashinki na kullum. Wasu mai da hankali kan numfashin ne ma ke tayar musu, su sai su dubi waje: ambaci abu 5 da kike gani, danna ƙafa a ƙasa, shafa ruwan sanyi a fuska, faɗi ranar yau da bakinki.

Ko karatun Alƙur'ani ne, zaɓi mai sanyin murya ki rage ƙara. Masu kara wa mutum lasifika a kunne da sunan ruƙiya su ma su ji tsoron Allah. Kunne na da iyaka: ma'aunin NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, desibel (awon ƙarfin ƙara) 85 ne na awa 8, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal. Kin fito kunne na kuwwa, an wuce gona da iri.

Sauti sassauci ne kawai. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya abin da ta ba da shawara a kai shi ne jinyar tattaunawa ta CBT mai fuskantar firgicin, da EMDR (jinyar da ake tuna abin da ya faru ana motsa ido hagu da dama). Idan mugun mafarki da zabura sun haura wata guda, ki je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya, akwai a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Ki tafi da wadda kika amince da ita.

Ya barcinki tun ranar? Ki faɗa mana.