Shara ta ishe mu a gida, ya zan yi?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Gidan haya muke, mu huɗu kowa da yaranta, kullum sai mun tara shara buhu guda, almajirin da muke ba ya zubar kuma ashe a kwatar bayan layi yake juyewa, damina na zuwa ruwa ya dawo mana har tsakar gida. Maigida ya ce mu dinga ƙonawa, ni kuma ɗana yana da asma. Ya zan yi? Daga Maman Abba, Kurna, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba yaro lafiya. Maganar ƙonawa dai a ajiye ta gefe, ki lallaɓa maigida ki nuna masa, hayaƙin leda da roba guba ne ko ga mai lafiya balle mai asma, har masu hura gawayi da leda ma ina roƙonsu su daina.

To yanzu gobe da safe kafin almajirin nan ya zo, ki zazzage buhun a ƙasa ki duba da kyau. Wallahi za ki ga yawancin abin da ke ciki ba shara ba ne, haɗa shi da kuka yi wuri ɗaya ne ya mayar da shi shara. Ɓawon doya da na dankali, ganyen kabeji, ɓawon kankana, ragowar tuwo, duk abincin dabbobi ne. In ba kwa kiwo ai ba za a rasa maƙwabciya mai awaki ko kaji a layinku ba, ki ajiye tsohon bokiti daban, da yamma yaro ya miƙa mata. Ƙanzo kuma shanya shi ake yi. Wanda ya ruɓe da toka da kashin kaji taki ne, kuma tun kaka da kakanni manoman kewayen Kano suke shigowa birni da jakuna suna kwasar shara zuwa gona, abin da ya ɓata harkar yanzu leda ce da ta cakuɗe da komai, manomi ya zuba taki ya dawo yana tsintar leda a kunya.

Sai ki samu buhu na biyu ki rataye shi inda ruwa ba ya taɓawa. Gwangwanin lemo da na madara, fasasshen bokiti, tsinkakken silifas, tsohuwar tukunya, guntun ƙarfe, duk nan za su. 'Yan gwangwan da 'yan jari bola kullum suna wucewa da kura, a kilo suke saye, alminiyam ya fi ƙarfe kuɗi, shi ne ake narkawa a zuba tukwanen nan da ludaya da muke girki da su, robar kuma a niƙa ta a sayar wa kamfanoni. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne kar ki sa rai da jari, amma ku huɗu in kuka haɗa zai sayi omo da tsintsiya. Sai dai ke babba ki fita da kanki ko maigida, kar a saba wa yara, daga nan ne yaro ke fara ɗauke murfin tukunyar uwarsa ya kai.

Leda ce mai wuyar sha'ani, nan kam sai dai a rage shigowarta. Ki duba cefane ɗaya, tumatir leda, attaruhu leda, magi leda, sannan a haɗa su a wata babbar ledar. Ki ba ɗan aike kwando ko jakar buhu, mai ki aika da kwalba, koko da kofi mai murfi, alale a koma gwangwani kamar da. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma ba su daina cefane ba. Ledar fiya wata ki tsiyaye ruwan ki tara ta a bushe, akwai masu saye a buhu, ki tambayi ɗan gwangwan ɗin unguwarku. Ɗan abin da ya rage kamar famfas a ƙulle shi a kai inda motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, ke kwashewa, ranar farko babba ya raka almajirin ya nuna masa wurin, a ɗan ƙara masa kuɗi tunda tafiyar ta ƙaru. Kwatar kuma maza su yashe ta ranar tsaftar muhalli, Asabar ɗin ƙarshen wata, tun kafin ruwa ya sauka.

TAMBAYA: Anti ina sana'ar zoɓo da kunun aya, robobin lemo nake saye a hannun yara. Akwai matsala? Daga Ummi, Zariya.

AMSA: Akwai Ummi, in ba ki san inda aka tsinto su ba. Wata an zuba fetur ko fiya-fiya a ciki, wata daga bolar asibiti ta fito. Gara ki yi magana da masu gidan biki ko maƙwabta su dinga tara miki. Ki shinshina kowacce, mai wari ko wadda ta dafe ki jefa buhun 'yan gwangwan, sauran ki wanke da omo har murfin, ki ɗauraye sosai ki kife su bushe, kuma sai zoɓon ya huce za ki ɗura.