Zan iya goge murfin kwamfutata da sanfefa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu a babbar kasuwar Maradi. Tana aiki lafiya lau, sai dai murfinta duk karce ne, har da sunan tsohon mai ita da aka zana da ƙusa. Yayana kafinta ne, ya ce in kawo ya bi ta da sanfefa. In ba shi?
Ɗaliba daga unguwar Zariya

Amsa: Ɗiyata, kada ki ba shi tukuna. Sanfefar kafintoci, mai kaushi, lamba 80 ko 120 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushinta), ta katako ce. In ta hau roba sai ta bar zane da ya fi na ƙusar muni.

Fara da sanin abin da aka yi murfin da shi. Ɗora masa tafin hannu da sassafe: in kin ji sanyi, ƙarfe ne, galibi alminiyon, kamar na MacBook. Launin irin wannan wani siririn rufi ne a samansa, da an goge shi ya tafi ke nan, wurin ya yi fari fat, ba ya dawowa. Wannan ni ba na taɓa shi.

In roba ce, ana iya yi, amma sai an kwance murfin an raba shi da allon da sauran kayan ciki, an cire batir. A nan nake dagewa, don ƙurar gugar tana bin ramukan iska ta toshe fanka, ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta taru. Kwamfutar da fankarta ta toshe ba ta jure zafin watan Afirilu na garin nan. Sai a jiƙa sanfefa mai lamba 800, a goga a hankali, a koma 1000, a ƙare da 2000. Wurin zai yi sumul ya bambanta da sauran, shi ya sa ake bin murfin duka. Kada a kusantar da tina, wato ruwan sirka fenti, ko ruwan goge jan farce, narkar da robar suke yi. Takardar lambar kwamfutar da ke ƙasa kuwa a bar ta, ranar sayarwa za a neme ta.

Da ɗiyar cikina ce ta tambaye ni, cewa zan yi ta je wajen masu liƙa sitika, su yanka mata leda daidai murfin. Sunan zai ɓuya, ba a kwance ko sukuru ɗaya ba.