Kwana biyar a Suwizalan: jirgin ƙasa ko motar haya?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko motar haya za ka ɗauka ko jirgin ƙasa za ka bi a kwana biyar ɗinka na Suwizalan. Ni dai jirgi nake ba ka shawara. Ka yanki tikitin Swiss Travel Pass, ya ishe ka jirgin ƙasa da bas har da jirgin ruwa.

Fara da Bern, wadda tsohon garinta ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1983. Ka tsaya gaban hasumiyar agogon Zytglogge dab da cikar awa, ka ga 'yan mutum-mutumi suna zagayawa. A Lucerne kuwa wuni ɗaya ya isa.

Amma Zermatt ce ta fi kwanta min a rai. Ba a shiga garin da motar mai, a garin Täsch da ke kusa ake ajiye ta, ka ga hayar ta zama asara. Ka yi sammako ka hau jirgin da ke zuwa tashar Gornergrat a kan dutse, mai tsayin mita 3,089, tun gajimare bai lulluɓe dutsen Matterhorn ba. Da Swiss Travel Pass ɗin, rabin kuɗi za ka biya a wannan layin. Don Allah ka riƙe rigar sanyi, ko da lokacin zafi ne.