Kaka a Landan: ta ina zan fara kallon tsuntsaye da zanen fentin ruwa?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kano, shekarata ta biyu ke nan a Landan. Bara da sanyi ya shigo, daga wurin aiki sai ɗaki, har na fara jin ƙunci ba gaira ba dalili. Bana ina so in riƙa fita lambunan shaƙatawa na cikin gari. Wata abokiyar aikina ta ba ni kyautar ɗan akwatin fentin ruwa, kuma tun ina yarinya nake son tsuntsaye. Sai dai ban san ko ɗaya daga cikin na nan ba, ban kuma taɓa riƙe burushin zane ba. Wane lambu zan je, me zan gani a wannan lokacin, kuma yaya ake fara zanen?

Wata mai karatu, daga Landan

Amsa

Wa'alaikumus salam Malama, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Abin da ya same ki bara ba baƙo ba ne ga mutanenmu a can. A ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ki ga magariba ta yi biyar saura, kafin Disamba kuma rana na faɗuwa huɗu saura. Wanda ya tashi a garin da rana ba ta yi masa rowa dole jikinsa ya faɗa masa. Saboda haka fitar da kika yi niyya ki sa ta da safe ko da hantsi, a ranakun da ba ki da aiki. In kika ce sai bayan la'asar, kina isa duhu na isowa.

Shawarata ta farko wataƙila ba ita kike jira ba: ki zaɓi lambu ɗaya, ki nace masa. Landan na da manyan lambunan masarauta guda takwas, ban da ɗimbin ƙanana na unguwanni, kuma sabon shiga yakan so ya zaga su duka. Wanda ya yi haka hotuna kawai yake tarawa a waya. Wanda yake komawa kujera ɗaya a bakin tafki ɗaya kowane mako, shi ne yake lura cewa agwagwar da babu ita makon jiya yau ga ta, bishiyar da ke kore shar ta fara rawaya daga sama. Kallon tsuntsu da zane duk abu ɗaya suke nema wurinki, wato zama da dogon kallo.

In da ni ne ke, Regent's Park zan ɗauka. Yana da tafki, akwai zalɓe da suka daɗe suna sheƙa a tsibiransa, kuma Babban Masallacin Landan yana nan a gefensa, kin ga lokacin salla ba zai tsinke miki fita ba. Shiga kyauta ne, amma ana rufe ƙofofi idan duhu ya yi, sai ki duba allon da ke bakin ƙofa. St James's Park kuwa ki je ko sau ɗaya don kwasakwasa. Tun 1664 ake ajiye su a wurin, lokacin da jakadan Rasha ya kawo wa Sarki Charles na Biyu kyautarsu, har yau kuma suna nan suna yawo a bakin ruwa kamar gidan ubansu. Richmond Park daji ne sosai, mai ɗaruruwan barewa, amma kaka lokacin barbararsu ne, mazan kan yi faɗa su kuma fusata, shi ya sa masu kula da wurin suke cewa a ba su tazarar mita 50. Ki bar shi sai kin saba. Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa baƙo ba: za ki haɗu da karnuka a sake a yawancin lambunan. Galibinsu ba ruwansu da ke, amma in ba kya son su shinshina miki kaya, ki zauna kan kujera, ki ɗora jakarki a cinya.

Yanzu tsuntsayen. Wanda zai fara tarbarki ma kin san shi. Za ki ji wani ƙara mai kaifi a sama, ki ɗaga kai ki ga koren tsuntsu mai dogon wutsiya da jan baki yana wucewa kamar kibiya. Tsirya ce, irin dai wadda muke da ita a gida. Na Landan asalinsu daga tsuntsayen keji ne 'yan yankin Indiya da suka kuɓuce ko aka sake su, suka hayayyafa har suka zama 'yan gari. Zalɓe ma kin san shi, haka hankaka, sai dai na can baƙi ne wuluk, babu farin ƙirjin nan na namu. A kan ruwa akwai kazar ruwa iri biyu, baƙa mai farin goshi da kuma mai jan goshi, sai agwagi kala-kala. Kaka ce lokacin da mazan agwagi suke gama sake gashi su fito fes, ga kuma baƙi da ke sauka daga arewaci da gabashin Turai don gudun ƙanƙara. Ki nemi wata mai faffaɗan baki kamar ludayi, tana zagaye a ruwa tana tace abinci.

A cikin bishiyoyi akwai ɗan ƙaramin nan mai jan ƙirji da Turawa ke kira robin. Yawancin tsuntsaye sun yi shiru a wannan lokaci, shi kuwa yana nan yana waƙa, domin kare yankinsa yake yi har a cikin sanyi. Akwai jay, ɗan'uwan hankaka mai shuɗin zane a fiffike, wanda duk kaka aikinsa kwasar 'ya'yan bishiyar oak yana binnewa a ƙasa don ranar yunwa. Waɗanda ya manta su ne suke tsirowa. Daga Oktoba kuma redwing ke isowa daga ƙasashen Sikandinabiya, mai farar gira da ja a ƙarƙashin fiffike. Da dare suke tafiya. In kina dawowa daga aikin dare kika ji wani siririn sauti, tsiii, daga sama cikin duhu, to su ne suke wucewa.

Amma abin da ya fi taɓa ni a kakar Ingila shi ne waɗanda ba za ki gani ba, domin sun riga sun tafi, kuma wasunsu wajen gida suka nufa. Ƙananan tsuntsaye da ba su kai nauyin giram 20 ba suna ƙetare Bahar Rum da Sahara su sauka a yankin Sahel. A bazarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya suka ga wani da ake kira whitethroat ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu a shekara ɗaya. Da aka bincika, sai aka gano fari ne a Sahel ya kashe su a inda suke cin rani. Dausayin Haɗejiya da Nguru har gobe yana karɓar dubban agwagi da tsuntsayen bakin ruwa daga Turai. Mu da muka san shamuwa, wadda zuwanta ke nuna damina ta kusa, wannan lissafin ba sabo ba ne a wurinmu. Bambancin kawai, a can tafiyar tsuntsu ce take shelar sanyi.

Game da kayan kallo, kada ki yi saurin kashe kuɗi. A Regent's Park da St James's tsuntsayen ruwa na matsowa har gabanki. In kin ga abin ya kama ki, sai ki sayi madubin hangen nesa mai lamba 8x32 ko 8x42. Manhajar Merlin kyauta ce, tana sauraron kuka ta faɗa miki mai shi, amma takan yi kuskure, don haka kada ki rubuta tsuntsu a littafinki sai idonki ya gan shi. Burodi kuma kada ki watsa musu, ko kin ga wasu na yi. Yana cika musu ciki ba amfani, ragowar kuma ta ɓata ruwan.

To, sai fentin. Kin ce ba ki taɓa riƙe burushi ba, amma in kin yi makarantar allo kin riga kin san rabin sirrin. Fentin ruwa garin launi ne da aka haɗa da ƙaro, wannan ƙaron dai na bishiyar dakwara da ake sa wa tawada. Sudan ce kan gaba wajen samar da shi a duniya, Chadi da Najeriya na biye. Ƙaron ne yake manna launin a takarda idan ruwa ya bushe, shi ne kuma yake sake narkewa in ruwa ya taɓa shi, kamar yadda ake wanke allo. Wannan hali nasa shi ne daɗin fentin ruwa, shi ne kuma wahalarsa.

Kuɗinki ki sa a takarda. Nan ne kusan kowa yake faɗuwa, har da ni: na shafe watanni ina zargin hannuna, ashe takardar rubutu nake shafa wa ruwa, tana kumbura tana tattarewa, launi na taruwa a kwari. Ki nemi ƙaramin littafin zane mai takarda mai kauri, wadda aka rubuta 300gsm a bangonta. In ta auduga ce ya fi, ko da ta ɗan fi tsada. Burushi ɗaya mai tsinin baki ya isa, kuma akwai wanda ake ɗura wa ruwa a cikin marikinsa, ya hutar da ke ɗaukar kofi. Sai fensir da tsumma.

Launukan da ke akwatinki ƙila sun kai goma sha biyu. Ki rufe ido ga tara. Uku za su yi miki kakar Landan kaf: yellow ochre, rawaya mai kama da ƙasar rairayi, burnt sienna, ja mai kama da jar ƙasa ta gini, da ultramarine, wanda shuɗin bular wanki ne sak, domin asalinsu ɗaya. Na biyu da na uku in kika gauraya su za su ba ki toka-toka, daga ta sararin samaniyar Nuwamba har ta bayan zalɓe, gwargwadon ruwan da kika sa. Rawayar da shuɗin su ba ki koren da ya gaji, irin na ciyawar ƙarshen shekara. Ki ɓata shafi biyu a gida kina gauraya su kawai, ba tare da zana komai ba.

Ƙa'idar aikin ita ce daga haske zuwa duhu. Farin da ke cikin zanen fentin ruwa farin takarda ne, don haka wurin da kike so ya zama fari, kamar wuyan zalɓe ko walƙiyar ruwa, ki kewaye shi ki bar shi. In kin shafe shi ya tafi. Ki fara da shafi mai ruwa-ruwa, ki jira ya bushe, sannan ki ɗora mai duhu. Jiran ne jarrabawar, domin a danshin Landan takarda ba ta bushewa da wuri kamar a hunturun Kano. Sabon shiga yakan ƙosa ya koma da burushi kan wurin da bai bushe ba, sai launukan su cakuɗe su zama taɓo. Lokacin jiran nan ki ɗaga kai ki kalli tsuntsayenki.

Kada ki fara da tsuntsu. Ki tsinci ganye ɗaya da ya faɗo, ki ɗora a gwiwa, ki zana shi. Ba ya motsi, kuma duk darasin launi yana jikinsa. Koren da ke cikin ganye sinadarin da bishiya ke sarrafa hasken rana da shi ne. Da yini ya gajarta sai ta rushe shi ta janye amfaninsa, rawayar da dama tana ƙarƙashi ta bayyana. Ja kuwa sabo ake ƙera shi a lokacin, daga sukarin da ya rage a ganyen, shi ya sa shekarar da aka samu rana da yini da sanyi da dare ta fi ja. In kin jiƙa siffar ganyen da ruwa zalla, kika ɗiga rawaya a gefe ɗaya, ja a ɗaya gefen, za ki ga suna tafiya su haɗu da kansu. Ki bar su, kada ki taimaka musu. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ne launin ya fi kankama, iska mai ƙarfi ɗaya kuma tana iya kakkaɓe shi, don haka kada ki ɗaga fitar zuwa wani watan.

Na san a cikinmu akwai masu kauce wa zanen abu mai rai. Wannan magana ce tsakaninki da malaman da kike bi. In kin zaɓi kaucewa, ganye da bishiya da inuwar gini a kan tafki da gashin tsuntsu da kika tsinta a ƙasa sun ishe ki aikin shekara, tsuntsun kuma ki siffanta shi da rubutu a gefen shafin. In kuwa za ki zana, zalɓe ne malaminki na farko, domin yakan tsaya cak na tsawon mintoci yana dakon kifi. Ki sa fensir ki yi siffar ƙwai don gangar jiki, ƙaramin da'ira don kai, layi don wuya, ki duba kusurwar da baki ya nuna. Ƙafafu da gashi su zo daga baya, ko ma kada su zo. In ya motsa, ki bar wancan ki fara wani a gefensa. Shafi mai rabin zalɓe biyar ya fi koya miki abu a kan guda ɗaya da kika kwafa daga hoto.

A ƙasan kowane shafi ki rubuta kwanan wata, wurin, yanayin gari, da sunan tsuntsun in kin sani. In ba ki sani ba ki rubuta abin da kika gani da Hausarki, kamar “ƙarami, jan ƙirji, ba ya tsoron mutane”, sunan zai zo daga baya. Ki sa safar hannu mai yankakken yatsu, ki shimfiɗa leda ko jarida kan kujerar domin kusan kullum a jiƙe take, ki riƙe shayinki a fulas. Minti arba'in ya isa a zama ɗaya, bayan haka yatsu sukan ƙi riƙe burushi. Idan kin cika shafi goma, ki sake rubuto mini ki faɗa mini agwagwa iri nawa kika iya bambancewa a tafkin.