Amsa ga ɗan'uwana na Kano kan Turancin 'ya'yan Zongo

Malam, ka tambaya me ya sa mu Hausawan Gana muke matsa wa yara su haddace kalmomin Turanci kamar ba mu da harshen kanmu. Tambayar ta ɗan sosa mini rai, amma bari in amsa.

A Aboabo aka haife ni, cikin Kumasi. Fataucin goro ne ya kawo kakana ta Salaga. Yaron Zongo, wato unguwar Hausawa a Gana, da Hausa yake buɗe baki, a kasuwar Kejetia sai Tiwi, harshen Asante, a makarantar allo Larabci. Amma duk abin da ya hau takarda Turanci ne. Ko a jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, Hausa ba ta cikin harsunan Gana da ake rubutawa, alhali gidan rediyon GBC na karanta labarai da ita. Ga kuma tabon 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu. Mahaifina ya ga maƙwabta suna sayar da kayan ɗaki da arha, wasunsu nan aka binne cibiyarsu. Tun daga ranar ya sha alwashin babu ɗansa da wani zai karanta wa takarda.

Bayan Magariba yakan zaunar da mu, kalma biyar kullum. Ka faɗi ma'anarta da Hausa, ka sa ta a jimla, sannan ka kawo kishiyarta. Yakan ce kalmar da ba ka san kishiyarta ba, rabinta ka sani. Mun fi shan wuya kan “borrow” da “lend”. Mu aro ɗaya gare mu, na ara, na ara masa, shi ya sa yara ke cewa “borrow me”. Bature kuwa ya raba mai karɓa da mai bayarwa. Baba bai taɓa barin zancen ya tsaya nan ba. Sai ya tuna mana cewa mu ma mun raba aro da rance: tabarma aro ce, ita ɗin za ka mayar, kuɗi kuwa rance. Turanci bai da wannan. A wajen koyon Turanci na san bambancin.

Na sani in mun zo Kano ana murmushi in yaranmu sun ce “ya zo” alhali mace suke nufi. Haka bakin Zongo yake, ba ma musu. Kuma eh, mahaifiyata Ba'asantiya ce, ta musulunta kafin aure. Ita ce ke riƙe mana fitila a wannan zaman, tana gyara mana Hausa in mun karkace. Yana mini ciwo in ji an ce irin wannan aure ne ya ɓatar da mu.

Jiya 'yata ta zo da kalmar “generous”. Na ce kishiyarta fa? Ta ce marowaci, sannan ta tafi neman ta Turancin a ƙamus.