Tambaya da Amsa: Kwamfuta ta zana min ƙarfe, ni kuma na kasa gyara shi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai koyon zanen kayan inji. Na ba manhaja aikin rage nauyin wani mariƙin boris. Na nuna mata inda noti huɗu za su shiga da inda nauyi zai sauka, sai ta fito min da wani abu mai rassa kamar saiwar bishiya. Ya yi kyau, nauyin ma ya ragu sosai. Amma fayil ɗin irin STL ne, wanda ke siffanta fatar abu da ƙananan alwatika, nawa kuma yana da kusan miliyan biyu. Da na buɗe shi sai kwamfutata ta tsaya cik, ko ramin noti ɗaya na kasa faɗaɗawa, mai injin CNC, wato injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, kuma ya ce shi fayil irin STEP yake so. Yaya zan yi? *Daga wani mai karatu.*

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kayan da ka ɗora mata ne suka yi yawa. A irin STL ɗin da aka fi amfani da shi, kowace alwatika tana cin bait 50, don haka miliyan biyu megabait 100 ke nan tun kafin a soma aiki.

Sai dai girman fayil ba shi ne ainihin ciwon ba. Kamfanin 3D Systems ne ya fito da STL a 1987 saboda injinan buga kaya na 3D, masu gina abu hawa-hawa, kuma ba abin da ke cikinsa sai jerin alwatika. Bai san rami ba, bai san da'ira ba, ko ma'auni ba ya ɗauka, shi ya sa wani lokaci a buɗe zanen milimita ya fito a inci. Abin da kake gani kamar ramin noti, a wurin manhaja tarin ƙananan fuskoki ne da suka jeru a zagaye. STEP kuwa, wato ma'aunin ISO 10303, yana ajiye rami a matsayin silinda mai faɗi kaza da zurfi kaza. Wannan ne mai CNC yake nema, don da shi injinsa zai yanka zagaye na gaskiya.

Kada ka yi abin da yawancin mutane ke fara yi, wato su danna maɓallin mayar da raga (tarin alwatikan nan) zuwa dunƙulallen jiki su adana da sunan STEP. Manhajojin FreeCAD da Fusion duk za su iya yi maka haka, amma a hanya mafi sauƙi kowace alwatika fuska guda take zama. An canza wa tuwo suna ne kawai.

Rage alwatika yana da amfani, kuma nan za ka fara. Manhajar MeshLab kyauta ce, haka ma Blender, kuma MeshLab tana da dabarar da Michael Garland da Paul Heckbert suka wallafa a 1997: manhaja tana duba kowane gefe, ta ƙiyasta yadda siffar za ta gurɓace in an haɗe kansa biyu, sai ta fara da wanda ɓarnarsa ta fi ƙanƙanta. Shimfiɗaɗɗen wuri yakan rasa alwatika da yawa, wurin lanƙwasa ya riƙe nasa. Ka sauko a hankali, ka riƙa kwatanta sabuwar ragar da ta asali, kada ka zabge kashi 99 cikin 100 a bugu ɗaya.

Amma ka ji abin da ya taɓa samuna. Na rage ragar wani mariƙi gaba ɗayanta, har da mazaunin boris, na aika aka yanka a alminiyam. A allo sumul yake. Da ya iso na zura yatsa cikin ramin, sai na ji ƙananan kusurwoyi suna bin fatata ɗaya bayan ɗaya. Boris ya shiga rabi ya cije. Kwana biyu na aikin inji da dunƙulen ƙarfe suka tafi a banza, kuma har yau ina jin zafin abin, don lissafin da zai hana shi bai fi na minti ɗaya ba. Ramin milimita 10 in aka zagaye shi da gefe 32, faɗinsa na gaskiya yana raguwa da kusan milimita 0.05. In gefen 16 ne, ragin ya kusa 0.2. A kan reshe wannan ba komai ba ne. A mazaunin boris kuwa, kayan ya lalace.

Tun daga ranar nake raba kowane irin wannan zane gida biyu. Akwai wuraren da ke taɓa wani abu: ramukan noti, mazaunin boris, fuskar da za ta kwanta a jikin inji. Waɗannan ba na karɓarsu daga raga ko kaɗan. Da hannu nake sake zana su, silinda da shimfiɗa masu ma'auni, galibi ma suna nan a zanen farko da na ba manhajar. Sai kuma rassan da ke haɗa su, waɗanda ɗan bambanci ba ya cutar da su.

Su rassan hanya biyu gare su. In firinta mai buga kaya za ta yi aikin, ka mayar da alwatikan zuwa raga mai kusurwa huɗu-huɗu. Rhino 7 yana da QuadRemesh, Blender yana da QuadriFlow. Daga nan ragar takan koma santsin fuska irin ta T-spline ko SubD, wadda za ka ja da hannu, ka kuma mayar dunƙulallen jiki. Ka ƙara wa ƙarshen rassan ɗan tsawo su nutse cikin sassan da ka zana, ka haɗe su, sannan ka sake huda ramukan a ƙarshe.

Tunda kai CNC ka nufa, ni hanya ta biyu zan ba ka, ko da ta fi cin lokaci. Ka sa ragar a bayan allo, ka dusashe ta, ka zana sabon mariƙi a kanta da miƙaƙƙun layuka da baka. Abin da manhajar ta gano maka mai daraja shi ne hanyar da nauyi ke bi daga boris zuwa noti. Ƙulle-ƙullen da ke jikin rassan yawanci sawun ƙananan akwatunan lissafinta ne, ba ƙarfi suke ƙarawa ba. Wataƙila nauyin ya ɗan haura na zanen kwamfutar, amma za ka sami zane mai fuskoki ɗari ko ɗari biyu wanda gobe za ka canza kaurin reshe da lamba ɗaya.

Kana zanawa kana tuna bakin injin da zai yanka ƙarfen. Zagayayye ne, don haka baki mai faɗin milimita 6 ba zai bar kusurwar ciki da ta fi lanƙwasar milimita 3 tsini ba. Inji mai motsi ta fuska uku daga sama kawai yake sauka, duk wani lungu da ke ƙarƙashin reshe ba zai kai gare shi ba sai an juya kayan, kowane juyi kuma ƙarin lokaci ne da ƙarin kuskure. Ka je wurin mai injin da zanen kafin ka gama shi, ka tambaye shi bakunan da yake da su da yawan juyin da zai yi. Wasu manhajojin ma suna bari ka faɗa musu hanyar ƙira tun farko, su kauce wa lungunan da kansu. Nan gaba ka fara da wannan.

Abu ɗaya da ba zan yafe maka ba in ka tsallake shi: gwajin ƙarfi. Sakamakon da ka gani na tsohuwar siffar ne, ba na wadda ka gyara ba. Ka sake ɗora mata nauyin nan a kwamfuta, ka zuba ido inda reshe ke haɗuwa da mazaunin boris, don a irin wannan mahaɗa tsagewa ke farawa. In wurin ya yi ja a allo, alamar nauyi ya yi masa yawa, ka faɗaɗa lanƙwasar ka sake gwadawa. In ka yanka na farko, ka auna ramin boris kafin ka cire shi daga kan injin, sannan ka turo min hoton in gani.